Arduino, Raspberry Pi ko micro:bit: wanne za a saya wa yaro mai kwance-kwancen rediyo?

Kusan kowace unguwa tana da irinsa, yaron da ba a ajiye tocila a gabansa ta kwana lafiya. Ya kwance rediyon babansa, ya zare moto daga cikin matacciyar DVD ya maƙala masa fiffiken roba ya zama fanka, ya ƙera motar langa-langa har da fitilun gaba. A da ɗayan biyu ake yi da shi: ko a yi ta faɗa a kan ɓarna har ya haƙura, ko a kai shi rumfar mai gyaran rediyo. Yanzu akwai hanya ta uku. An samu wasu ƙananan alluna na lantarki, dangin abin da masu gyara ke kira fanel, waɗanda ba su wuce tafin hannu ba. Ana rubuta musu umarni a kwamfuta, su kuma su aiwatar: su kunna fitila in duhu ya yi, su kashe famfo in tanki ya cika, su tuƙa 'yar mota ta kauce wa bango. Uku ne suka fi suna, Arduino da Raspberry Pi da micro:bit, kuma duk uba ko yaya ko malamin makarantar da ya ɗaura niyyar saye, tambayarsa ta farko ita ce wanne ya fi.

Ga yawancin gidajenmu, Arduino ne. Amma akwai yaron da micro:bit ya fi dacewa da shi, akwai kuma aikin da in ba Raspberry Pi ba babu mai iya shi, don haka sai an bi su ɗaya bayan ɗaya.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a jera su ukun kamar wayoyin hannu a kanti, a ce wannan ya fi wancan ƙarfi, saboda haka ya fi kyau. Ba jinsi ɗaya ba ne. Raspberry Pi cikakkiyar kwamfuta ce da aka matse ta koma girman katin ATM. Babbar manhajarta ta Linux tana zaune a kan katin memori irin na waya, ana jona mata sikirin da kibod da linzami, a shiga intanet, a kalli bidiyo, a yi rubutu. In an kunna ta sai an jira ta tashi, in za a kashe ta sai an bi ƙa'ida. Arduino da micro:bit ba ruwansu da wannan. Umarni ɗaya suke riƙewa, wanda ka rubuta ka ɗura musu, shi za su yi ta maimaitawa har illa ma sha Allah. Kamar fankar sama suke, a kawo wuta su ci gaba, a ɗauke su tsaya, kuma ba sa manta aikinsu.

A ƙasar da ba a ɗauke wuta, wannan bambanci bai taka kara ya karya ba. A wurinmu shi ne rabin maganar. Idan wuta ta tafi daidai lokacin da Raspberry Pi ke rubuta wani abu a kan katinta, katin na iya rikicewa, ta ƙi tashi sam, sai an sake zuba mata manhaja daga farko. Ba kullum hakan ke faruwa ba, amma a gidan da ake sauyawa tsakanin NEPA da janareto sau da yawa a yini, ranar tana nan tafe. Babba zai gyara cikin awa guda. Yaro ɗan shekara goma sha biyu kuwa ɗauka zai yi abin ya mutu, ya cusa shi a durowa, shi ke nan an yi asarar kuɗi da sha'awa gaba ɗaya.

Arduino

An fara shi a 2005 a wata makarantar koyon zane da ƙere-ƙere da ke garin Ivrea na arewacin Italiya. Massimo Banzi da abokan aikinsa suna neman abu mai araha da ɗalibansu za su riƙa amfani da shi, ɗaliban kuwa ba injiniyoyi ba ne, masu zane ne. Sun gina shi a kan aikin wani ɗalibi ɗan Kolombiya, Hernando Barragán. Wannan asalin yana da amfani a sani, domin ya nuna tun farko don ɗan koyo aka yi shi.

Wanda ya fi yawa a hannun mutane shi ne Uno, da ya fito a 2010. In ka dubi ƙarfinsa a takarda za ka yi dariya: gudun ƙwaƙwalwarsa megahaz 16, wurin ajiye umarni kilobayit 32, ƙwaƙwalwar aiki kilobayit 2 kacal. Hoto ɗaya da ke cikin wayarka ya fi ƙarfin cikinsa nesa ba kusa ba. Sai dai aikin da aka ɗora masa ba ya buƙatar fiye da haka. Yana da ƙafafu, wato wuraren jona waya, 14 na kunnawa da kashewa, da wasu 6 masu auna ƙarfin lantarki sannu a hankali daga sifili zuwa bolt 5. Waɗannan shidan su ne sirrinsa. Da su yake jin ɗanshin ƙasa, da hasken rana, da yawan cajin da ya rage a batir. Raspberry Pi, duk girman kanta, ba ta da irinsu ko ɗaya, sai an saya mata wani ƙarin kaya.

Abu na biyu, yana da haƙuri da ɗan koyo. Da bolt 5 yake aiki, kuma yawancin ƙananan kayan da ake sayarwa a cikin kwalin koyo da bolt 5 suke aiki. Yaro zai juya waya baibai, zai haɗa abin da bai kamata ba, sau da yawa allon ya sha ya tsira. In ma ya ƙone, na asali samfurin R3 ƙwaƙwalwarsa a kan soket take, ana zare ta a dasa wata. Masu ƙera shi kuma sun saki zanensa kyauta ga duk mai so, shi ya sa kamfanonin China ke buga irinsa bisa halal, a farashin da bai kai rabin na asali ba. Na asali ya haura dala 20. Ga ɗan koyo ban ga dalilin sayen na asali ba. Mai arahar yana yin duk abin da wancan ke yi, kuma yaron da ya san abin hannunsa ba mai tsada ba ne ya fi sakin jiki ya gwada. Wanda aka yi wa kashedi sau goma kada ya lalata, kallon abin kawai zai yi.

Inda Arduino ya gaza shi ne wurin rubutu. Umarninsa da harshen C++ ake rubutawa, ko da yake an sauƙaƙa shi. Mantuwar alama ɗaya a ƙarshen layi ta isa ta hana komai tafiya, sai jan rubutu ya cika ƙasan sikirin da Turancin da ko malamin Turanci ba ya ganewa. Yaron da karatunsa bai nuna ba, ko wanda bai taɓa riƙe kibod ba, a nan yake karaya. Akwai manhajojin da ke ba da damar jera umarnin kamar tubala maimakon rubutawa, amma mafi yawan darussa da misalan da za a samu a YouTube da rubutun ake yin su. Sannan yana son laftop. Ana iya ɗura masa umarni daga wayar Android ta igiyar OTG, kuma akwai masu yin hakan, sai dai rubuta layi hamsin da babban yatsa a kan waya aiki ne na mai naci. Uno na gargajiya kuma ba shi da Wi-Fi. Sabon samfurin R4 da ya fito a 2023 yana da nau'i mai Wi-Fi, amma ya fi tsada kuma bai bazu kamar tsohon ba.

micro:bit

BBC ce ta fito da wannan. A 2016 aka raba shi kyauta ga kusan yara miliyan ɗaya 'yan shekara 11 zuwa 12 a makarantun Birtaniya. Faɗinsa santimita 4 ne a 5. Abin da ya bambanta shi da Arduino shi ne ya zo da kayansa a jikinsa: ƙananan fitilu 25 a jere biyar-biyar masu nuna rubutu da zane, maɓallai biyu, abin jin motsi da girgiza, kamfas, da rediyon da yake magana da 'yan uwansa ba tare da layin waya ko data ba. Samfuri na biyu da ya fito a ƙarshen 2020 an ƙara masa sifika da makirfo. Ƙananan batura biyu irin na rimot sun ishe shi.

Ma'anar wannan ita ce yaro zai ga sakamako a zaman farko ba tare da ya haɗa waya ko ɗaya ba. Ya buɗe MakeCode, manhajar da Microsoft ta yi, ya jawo tubala masu launi ya jera, sai ga sunansa yana wucewa a kan fitilun. Ya sa shi ya zama ƙirgau na tasbihi, ko abin ƙirga taku, ko ya aika wa abokinsa da ke ɗaya gefen aji saƙo. Babu alamar da za a manta, domin tubalin da bai dace ba ba ya ma shiga. Ana iya tura masa umarni daga waya ta Bluetooth. In yaron ya ƙware, shi wannan allon dai yana karɓar Python, wani harshen rubuta umarni.

Ga malamin firamare ko ƙaramar sakandare mai ɗalibai sittin da minti arba'in, babu kamarsa. Duk wanda ya taɓa raba wa yara ƙananan wayoyi da resisto, ɗan abin nan mai rage yawan wutar da ke wucewa, ya san rabin darasin a neman abin da ya faɗi ƙarƙashin benci yake ƙarewa. Da micro:bit babu wannan. A raba, a yi aiki, a tattara a kwali.

Amma ina da ƙorafi biyu a kansa. Na farko, samunsa. Ba kasafai ake ganinsa a kasuwanninmu ba, sai an yi oda, kuma babu na araha irin na Arduino, ga shi sauran kayan da ake jona masa nasa ne na musamman. Manyan ramukan da ake maƙala wa waya a jikinsa biyar ne, uku na aiki, biyu na wuta. In ana son fiye da haka sai an sayi wani soket da za a zura shi a ciki. Na biyu, kuma shi ya fi damuna: micro:bit yana koyar da tsara umarni sosai, amma yana ɓoye lantarkin. Yaron da muke magana a kansa, mai kwance rediyo, hannunsa ne ke ƙaiƙayi. So yake ya ga waya, ya ji ƙaurin dalma, ya gane dalilin da ya sa ƙwan LED ke ƙonewa in ba a sa masa resisto ba. Abin da aka gama haɗa masa tun daga kamfani zai burge shi na mako biyu, daga nan ya fara neman hanyar ɓalle shi.

Raspberry Pi

Ita ce kowa ke so, saboda sunanta ya fi tafiya kuma hotonta ya fi kyau. Ta fito a watan Fabrairun 2012 a kan dala 35. Eben Upton da abokansa a Jami'ar Cambridge sun lura masu neman karatun kwamfuta suna raguwa, waɗanda ke zuwa kuma ba su taɓa wasa da cikin na'ura ba, sai suka nemi yin kwamfutar da yaro zai mallaka ya yi yadda ya ga dama da ita. Ta 4 ta fito a 2019, ta 5 a 2023, wadda mai gigabayit 4 ta fara a dala 60.

Wannan farashin na allon ne tsirara. Ta 4 tana son caja mai bolt 5 da amfiya 3, ta 5 kuwa wadda aka yi mata mai amfiya 5 ce. Cajar waya ta bakin titi ba za ta riƙe ta ba, za ta yi ta kuka da ƙarancin wuta tana rage gudu. Sai katin memori mai kyau, ba jabun da ya cika kasuwa ba. Sai igiyar HDMI mai ƙaramin kai, in kuma tsohon sikirin ne mai VGA sai an ƙara abin juyawa. Sai kibod, linzami, akwati, da fanka. Fankar ba ado ba ce: in zafin ƙwaƙwalwarta ya kai wajen digiri 80, da kanta take rage gudu, kuma a ɗakin kwano a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, inda iskar kanta ta haura 40, ba ta da nisan tafiya kafin ta kai can. In ka tara kuɗin duka, ka matso kusa da farashin tsohuwar laftop ta hannu a Beirut Road a Kano, wadda ta zo da sikirinta da kibod ɗinta da batirin da zai riƙe ta in an ɗauke wuta. Wanda burinsa yaro ya koyi Python ko Scratch, manhajar jera umarni da tubala, laftop ɗin ta fi masa, ba ja. Kuma laftop ɗin nan ita ce dai za ta ɗura wa Arduino umarni gobe.

Ƙafafunta 40 da bolt 3.3 suke aiki, ba sa jure 5. Kuskure ɗaya na iya kashe ƙafa, ko ya kashe allon duka, kuma ba a zare ƙwaƙwalwarta a sauya.

To yaushe take da gaskiya? In aikin ya shafi kyamara, kamar gane fuska ko ƙirga motocin da suka wuce. In ana son na'urar da za ta tara bayanai na watanni ta nuna su a shafi. Da kuma wani aiki da nake ganin makarantun karkara sun fi kowa buƙata: a zuba mata Kiwix, ta zama rumbun karatu marar intanet. Ta riƙe Wikipedia, har da ta Hausa, ta watsa Wi-Fi a harabar makaranta, duk mai waya ya shiga ya karanta ba tare da ya sayi data ba. Ƙaramin faifan sola da batir sun isa su riƙe ta. Wannan aikin Arduino ko a mafarki ba zai iya ba. Sai dai aikin malami ne ko ɗalibin jami'a, ba kyautar da za a fara miƙa wa ɗan JSS ba.

A kula da wani ruɗani na suna. Akwai Raspberry Pi Pico, da ya fito a Janairun 2021 a kan dala 4. Sunan gidansu ɗaya, amma shi ba kwamfuta ba ne, ɗan uwan Arduino ne a aiki, ya fi Uno ƙarfi sosai, kuma yana jin Python. Akwai kuma ESP32 na kamfanin Espressif da ke Shanghai, wanda ya fito a 2016 da Wi-Fi da Bluetooth a jikinsa, ga araha, kuma da manhajar Arduino ake rubuta masa umarni. Su biyun da bolt 3.3 suke aiki, misalan 'yan koyo kuma sun fi yawa a ɓangaren Uno, shi ya sa na fi son su zama mataki na biyu. Ɗalibin kwalejin fasaha da ke shirin aikin kammala karatu, wanda ke son na'urarsa ta turo bayani zuwa waya, ESP32 ya kamata ya nufa kai tsaye.

A gwada su da aikin gida

Ɗauki tankin ruwa da ke ambaliya kullum saboda an manta an kunna sumo. Akwai wata 'yar na'ura mai ido biyu, HC-SR04, da ke auna nisa da sautin da kunne ba ya ji, daga santimita 2 zuwa kusan mita 4. A ɗora ta a murfin tanki tana kallon ruwa, in ruwan ya matso ta sanar. Da Uno, wayoyi huɗu ne kawai da layukan umarni kaɗan. Da Raspberry Pi sai an rage ƙarfin siginar da resisto biyu tukuna don kada ta ƙona ƙafa, sannan a bar kwamfuta guda a kunne dare da rana tana gadin tanki. Da micro:bit sai an nemo nau'in na'urar mai aiki da bolt 3. Mai sayar da kayan famfo zai ce maka akwai maɓalli mai yawo a kan ruwa da ke yin wannan aikin ba tare da wani umarni ba, kuma gaskiyarsa. In maganin ambaliya kake nema, saye shi. In yaro kake so ya koya, bar shi ya sha wahalar.

Injin ƙyanƙyasa ya fi wannan daɗi, domin sakamakonsa yana tafiya da ƙafafunsa. Ƙwan kaza yana son zafin da ke kusa da digiri 37.5 na kwana 21, ana juya shi kullum har zuwa kwana na 18. Na zabo ya fi daɗewa, yana kaiwa kwana 26 zuwa 28. Kwali ko tsohon firji, ƙwan fitila mai zafi, 'yar fankar kwamfuta, abin auna zafi irin DS18B20, da rile mai kunna fitilar yana kashewa. Aiki ne na mako uku ba tsayawa, za a ɗauke wuta a dawo da ita ba adadi, kuma duk dawowa dole na'urar ta kama aiki nan take ba tare da wani ya taɓa ta ba. Wannan filin Arduino ne. Abin da yake ci bai kai ƙaramin ƙwan fitila ba, batirin babur zai riƙe shi. A nan ne yaro zai gano da kansa cewa fitilar ce mai cin batir ba allon ba, ya fara lissafin wat da awa ba tare da an ce masa darasin Physics ake yi ba.

'Yar mota mai kauce wa bango kuwa, dukkansu suna yi. Ta micro:bit ta fi saurin haɗuwa, domin gangar jikinta a shirye ake sayarwa, a zura allon kawai. Ta Arduino ta fi araha kuma ana iya ƙera jikinta da katako ko murfin bokiti. Abin da ke kayar da kowa a nan shi ne batir. Ɗan batirin nan mai kusurwa huɗu na bolt 9 ba ya iya jan moto, minti kaɗan ya mutu. Batura 18650, irin waɗanda ke cikin tsohon batirin laftop da fitilun caji, su ne daidai, amma babba ya tsaya a kai, domin in aka haɗa bakinsu biyu ko aka huda su suna kamawa da wuta. Kuma kada a taɓa jona moto kai tsaye a ƙafar allo, kowanne ne. Ƙafar Uno abin da aka yarda ta bayar miliamfiya 20 ne. Sai an sa direban moto a tsakani, irin L298N.

Yanayinmu ma yana da ta cewa. Kwalayen koyo kusan duka suna zuwa da abin auna zafi da ɗanshin iska mai suna DHT11. Iyakarsa digiri 50, kuma ba ya karanta ɗanshin da ya gaza kashi 20 cikin ɗari, alhali a tsakiyar hunturu iskar arewa tana bushewa fiye da haka. Mai son yin tashar auna yanayi a makaranta ya ƙara kuɗi kaɗan ya sayi DHT22. Abin auna ɗanshin ƙasa mai ƙafa biyu na ƙarfe tsirara, wanda masu sha'awar noman rani ke fara saya, tsatsa ke cinye shi cikin makonni, gara nau'in da aka rufe jikinsa. Sannan busasshiyar iskar hunturu tana tara lantarki a jikin mutum, irin tartsatsin da ake ji in an taɓa ƙofar mota. Wannan tartsatsin na iya lalata allo, kuma asarar Raspberry Pi ta fi ciwo. A saba wa yaro ya taɓa ƙarfen taga kafin ya ɗauka, ya riƙe allon ta gefe, ya kuma mayar da shi leda in ya gama saboda ƙura.

Wa zai ɗauki wanne

Ɗan shekara takwas zuwa sha ɗaya, ko ajin da malami ɗaya ke fama da yara da yawa: micro:bit, in an samu hanyar kawo shi. Daga sha biyu zuwa sama, in akwai laftop a gida ko a maƙwabta, Uno mai araha a cikin kwalin da ya zo da allon gwaji mai ramuka, wayoyi, fitilu, resisto da 'yan na'urorin ji. Ƙungiyar JETS ta ɗalibai masu sha'awar kimiyya da ƙere-ƙere a makarantar sakandare da aka ba kuɗin Raspberry Pi guda ɗaya da kayanta, gara ta sayi Uno da yawa ta raba yara rukuni-rukuni na mutum uku. Allo ɗaya a gaban yara talatin, mutum ɗaya ne ke taɓawa, yawanci wanda ya fi baki, sauran 'yan kallo ne. A irin wannan rabon a tabbata 'yan mata sun samu nasu rukunin da nasu allon, domin in aka gwamutsa su da maza, sau da yawa rubuta rahoto ake bar musu.

Gidan da babu laftop kuma babu halin saye, ni dai ba zan ce a sayi ko ɗaya ba tukuna. A saya wa yaron mita ta auna lantarki, da allon gwaji, da ledar resisto da taransisto, da ayan na like da dalma in ya kai shekarun riƙe shi. Matattun rediyo da caja da fitilun caji suna nan jibge a wurin masu gyara, a Sabon Gari ko Farm Centre a Kano, a Panteka a Kaduna, a Katako a Yamai, kuma cikinsu cike yake da kayan da ke da sauran rai. Yaron da ya iya auna bolt, ya iya gano wayar da ta tsinke, ranar da Arduino ya shigo hannunsa rabin aikin ya riga ya gama. Mitar nan ma ko an sayi allon dole ce, kuma kwalayen koyo ba sa zuwa da ita.

Akwai hanyar gwaji kafin a fitar da ko sisi. Shafin Tinkercad yana da Arduino da micro:bit na cikin sikirin, a haɗa wayoyi a rubuta umarni a ga fitila ta kama, in aka yi kuskure ma a ga ta ƙone. Wokwi yana da Uno da ESP32 da Pico. MakeCode ma yana nuna micro:bit na gwaji a gefen shafinsa. A zaunar da yaro a gaban ɗayansu na 'yan kwanaki. In ya manta da abinci, a saya. In bayan rabin awa ya koma kallon ƙwallo, an huta.

Sharaɗi ɗaya ba na sassauci: duk abin da ya shafi wutar soket ta bolt 230, kamar jona rile da sumo ko fitilar ɗaki, ba aikin yaro shi kaɗai ba ne. Ya gwada komai da batir da ƙaramin ƙwai, ranar haɗawa da babbar wuta a kira mai aikin wayarin. Mai son ciyar da Uno daga batirin sola na bolt 12 kuma ya sani cewa lokacin caji batirin yana haura 14, abin da ke sa allon zafi. Ɗan abin rage wuta irin LM2596 a tsakani yana magance wannan. Fawa-banki ma tana aiki, sai dai wasu suna kashe kansu bayan 'yan daƙiƙu saboda abin da allon ke ja ya yi musu kaɗan, suna zaton ba a jona komai ba.

Ranar da kwalin ya iso, kafin mai kawowa ya yi nisa, a jona Uno da laftop a buɗe misalin da ake kira Blink a cikin manhajar Arduino, a tura. Akwai 'yar fitila a jikin allon da ke haɗe da ƙafa ta 13, ya kamata ta fara ƙiftawa daƙiƙa ɗaya a kunne, ɗaya a kashe. In kwamfutar ta ƙi ganin allon, kada a yi saurin cewa jabu ne. Masu arahar yawanci suna amfani da wani ɗan guntu mai suna CH340 wurin magana da kwamfuta, kuma wasu kwamfutocin sai an sauke musu direbansa, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane shi, kyauta ne. In an sa direban har yanzu shiru, a sauya igiyar USB, musamman ga ESP32 da Pico da micro:bit masu amfani da igiya irin ta waya, domin da yawa daga igiyoyin kasuwa na caji ne kawai, babu wayar ɗaukar bayani a cikinsu.